Sitokhom, Birnin da Ya Zauna a Ƙugun Zanzaro

Duk wanda ya sauka Sitokhom, babban birnin ƙasar Suwidin, yana so ya gane kan garin, shawarata ita ce ya bar fadar sarki da gidajen tarihi sai daga baya. Ya fara zuwa wurin da ake kira Slussen, ya tsaya a kan gada, ya fuskanci arewa. Ruwan da ke hagunsa na daɗi ne, ruwan tafkin Mälaren, wanda ya miƙa yamma kimanin kilomita 120 cikin ƙasa. Na damansa ruwan zartsi ne, reshen tekun Baltik. Tsakanin ruwan biyu akwai 'yar tsiririyar ƙasa da ɗan tsibiri, kuma ta nan jiragen ƙasa suke bi, da motocin safa, da masu keke, da masu tafiya a ƙasa, yayin da ƙananan jiragen ruwa ke ratsawa ta ƙarƙashinsu. Ma'aikatan jirgin ƙasa na Suwidin suna da sunan da suka sa wa layin dogon da ya bi ta wannan matsatsi: Getingmidjan, wato ƙugun zanzaro. Ban san sunan da ya fi wannan dacewa da garin baki ɗaya ba. Arzikin birnin daga wannan ƙugu ya fito, kuma ciwon kansa na shekaru 700 da ɗoriya shi ne yadda zai wuce ta cikinsa.

Asalin abin daga ƙanƙara yake. Shekaru dubbai da suka shuɗe dutsen ƙanƙara mai kaurin kilomitoci ya danne wannan yanki har ƙasa ta lotsa. Da ya narke sai ƙasar ta shiga tasowa a hankali, kamar katifar da aka tashi daga kanta, kuma har gobe tana tasowa, kimanin milimita 4 a shekara. A zamanin mayaƙan ruwa da ake kira Bayikin, Mälaren lungu ne kawai na teku, jirgi yana shiga ya fita ba mai tare shi. Kasuwar da ta yi tashe a lokacin, Birka, can cikin tafkin take. A can da sauran sassan Suwidin, musamman tsibirin Gotland, an tono dirhamin azurfa dubbai da aka buga a biranen Musulmi irin su Samarƙandi da Bagadaza, da kalmar shahada a jikinsu, waɗanda fatake suka zo da su ta kogunan Rasha. Akwai wasu a gidan tarihin ƙasa da ke Sitokhom, kuma Musulmin da ya je garin ya cancanci ya gan su da idonsa.

Da ƙasa ta ci gaba da tasowa, bakin tafkin ya tsuke, ruwan ya koma gangarowa teku da ƙarfi. Wajen ƙarni na 13 manyan jirage sun daina iya wucewa. Dole a sauke kaya a bakin mashigin, a ɗora a wani jirgi a ɗaya ɓangaren. Inda kuwa ake sauke kaya dole, nan mai mulki yake kafa ƙofa ya karɓi kuɗin fito. Sunan Sitokhom ya fara bayyana a rubuce a shekarar 1252, cikin wasiƙun Birger Jarl, wanda shi ne mai riƙe da ragamar ƙasar a lokacin. Sunan haɗin kalma biyu ne: gungumen itace da ɗan tsibiri. Ƙarfe da tagulla na ma'adinan Bergslagen da Falun ta nan suke fita zuwa Lübeck ta Jamus, gishiri da yadi su shigo. Fataken Jamus sun yi ƙarfin da doka ta ba su rabin kujerun majalisar gari, sai a 1471 aka soke wannan doka.

Wancan ɗan tsibiri shi ne Gamla Stan na yau, wato tsohon gari. Lungunansa na dutse ne, gidajen masu launin ɗorawa da jan ƙasa, kuma akwai lungun da faɗinsa bai wuce santimita 90 ba, mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace. A tsakiyarsa akwai dandalin Stortorget, inda baƙi suka fi ɗaukar hoto, yawancinsu ba su san abin da aka yi a wurin ba. A watan Nuwamba na 1520 sarkin Danmak, Kirista na Biyu, wanda ya ci garin, ya gayyaci manyan Suwidin bikin naɗinsa bayan ya yi musu alkawarin afuwa. Ana gama shagali ya sa aka rufe ƙofofi. Cikin kwana biyu an kashe mutum sama da 80 a dandalin, har da manyan limaman coci biyu. Cikin waɗanda aka fille wa kai akwai mahaifin wani saurayi mai suna Gustav Vasa. Saurayin ya tara manoma ya yi tawaye, aka zaɓe shi sarki ranar 6 ga Yuni 1523, ranar da ita ce ranar ƙasa ta Suwidin a yanzu. Cin amanar da aka yi a wannan dandali shi ya raba Suwidin da Danmak har abada.

Jikan Gustav ɗin, Gustav Adolf, shi ne ya bar wa garin abin kallo mafi daraja, ba da niyya ba. Yana yaƙi da Folan, sai ya sa a gina masa jirgin yaƙi da ba a taɓa ganin irinsa a tekun Baltik ba: tsawonsa mita 69, igwa 64, yawancinsu na tagulla, a hawa biyu, an ƙawata jikinsa da ɗaruruwan sassaƙe-sassaƙe masu launi. Aka sa masa suna Vasa. Matsalar ita ce jirgin ya yi tsawo da nauyi a sama, cikinsa kuma ya yi ƙunci, babu isasshen wurin zuba duwatsun da za su riƙe shi a ƙasa. Kuma an sani. Kafin ya tashi an gwada shi a gaban babban hafsan sojan ruwa: aka sa mutum 30 su riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan. Sau uku kawai suka yi aka tsayar da su, don jirgin ya fara neman kifewa a tashar. Amma sarki yana fagen fama yana aiko da takardu a gaggauta, kuma ba a samu wanda zai buɗe baki ya ce masa jirginsa ba zai tafi ba. Ranar 10 ga Agusta 1628 jama'ar gari suka cika bakin ruwa. Jirgin ya yi tafiyar kimanin mita 1,300, iska ta bugo shi, ya karkata, ruwa ya kwarara ta tagogin igwa da aka bari a buɗe don harbin ban girma, ya nutse a idon kowa. Mutum wajen 30 suka mutu. An kafa kwamitin bincike, an yi tambayoyi, ba a hukunta kowa ba, domin duk inda aka ja zaren sai ya kai ga sa hannun sarki.

Ruwan zartsin nan shi ya adana jirgin. Tsutsar da ke cin katakon jirage a tekuna masu gishiri sosai ba ta jin daɗin Baltik. Wani mai bincike, Anders Franzén, ya gano inda yake a 1956, aka ɗago shi ranar 24 ga Afrilu 1961, bayan shekara 333 a ƙarƙashin ruwa. Shekara 17 aka yi ana fesa masa wani sinadari don kada katakon ya tsattsage idan ya bushe. Yau yana tsaye a gidansa na musamman a tsibirin Djurgården, a cikin haske kaɗan da sanyi, katakon ya yi baƙi kamar an shafa masa kwalli, kuma kusan dukansa na asali ne. Abin da ya fi taɓa ni a wurin ba girman jirgin ba ne, ƙananan kayan da aka samu a ciki ne: takalma, cokulan katako, akwatin wani matuƙi da hularsa da kayan ɗinkinsa a ciki. Ina ganin mutuncin ƙasar da ta ɗauki babban abin kunyarta ta gina masa gida, ta rubuta dalilan a bango filla-filla, tana kai 'yan makaranta su karanta.

A 1634 aka tabbatar da Sitokhom a matsayin mazaunin gwamnati. Tsohuwar fada ta ƙone a 1697, sabuwar da ke tsaye yanzu, mai ɗaki sama da 600, sai a 1754 aka tare a cikinta. Annoba ta 1710 ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen gari. Rasha ta ƙwace Finlan a 1809, kuma tun 1814 Suwidin ba ta sake shiga yaƙi ba. A tsakiyar ƙarni na 19 Sitokhom gari ne na talauci da ƙazanta da kwalara, mutanensa ba su kai 100,000 ba. Masana'antu suka zo, ya kai 300,000 a 1900.

Daga nan ne ƙugun zanzaro ya koma matsalar ƙasa. Garin ya bazu a tsibirai 14 da gadoji sama da 50, rabinsa a arewacin ruwa, rabi a kudu, kuma hanya mafi sauƙi tsakaninsu ita ce ta tsohon gari. A 1871 aka haɗa dogon arewa da na kudu ta nan, layi biyu kacal. Shekara fiye da 140 duk jirgin da zai tafi kudancin Suwidin daga babbar tasha, na fasinja da na kaya da na 'yan zuwa aiki, ta waɗannan layuka biyu yake bi. Jirgi ɗaya ya lalace a nan, sai an ji a jikin rabin ƙasar. Sai a 2017 aka buɗe ramin Citybanan mai tsawon kilomita 6, wanda ya ɗauke jiragen 'yan zuwa aiki ya bi da su ta ƙarƙashin ruwa.

Motoci ma sun kawo nasu rikicin. Suwidin ta daɗe tana tuƙi a hannun hagu alhali maƙwabtanta Nowe da Finlan suna bin dama, kuma yawancin motocin ƙasar sitiyarinsu a hagu yake. An yi ƙuri'ar raba gardama a 1955, kashi 83 cikin ɗari suka ce a bar su yadda suke. Majalisa ta yi gaban kanta. Ranar Lahadi 3 ga Satumba 1967, da ƙarfe biyar saura minti goma na asuba, duk motar da ke kan titi ta tsaya, ta koma ɗaya hannun a hankali, ƙarfe biyar daidai aka ci gaba da tafiya. Dattawanmu za su tuna irin wannan rana, domin Nijeriya ta yi nata sauyin ranar 2 ga Afrilu 1972 bisa dalili iri ɗaya: Nijar da Kamaru da Chadi da Dahomey duk dama suke bi. A Sitokhom sauyin ya ci yawancin taragon da ke bin tsakiyar titi, aka maye gurbinsu da motocin safa.

Abin da ya ba da damar yin haka shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda mutanen gari ke kira tunnelbana. An buɗe layin farko ranar 1 ga Oktoba 1950, kuma daga Slussen ya tashi. Yau akwai tasha 100 a layi uku, kore da ja da shuɗi. Amma hikimar ba a cikin ramin take ba. Tun 1904 hukumar birnin ta shiga sayen gonaki da dazuzzukan da ke kewaye da gari, tun ba su yi tsada ba. Da lokacin faɗaɗa gari ya zo, filin nata ne, don haka ta iya shimfiɗa dogo ta gina unguwa a kan kowace tasha, kamar duwatsu a zaren carbi: shaguna da asibiti da makaranta a bakin tasha, dogayen benaye kusa da su, ƙananan gidaje a baya, daji tsakanin unguwa da unguwa. Vällingby, wadda aka buɗe a 1954, ita ce zakaran gwajin dafi, kuma masu tsara birane daga ƙasashe da dama sun je sun gani. Jirgi ne ya riga mutane zuwa, shi ya sa har yau akasarin masu shiga tsakiyar gari da safe ba a motar kansu suke shiga ba.

Irin wannan ƙarfin hukuma yana da ɓarnarsa. Yaƙin duniya na biyu bai rushe Sitokhom ba, amma masu tsara gari sun rushe da hannunsu. Tsakanin shekarun 1950 da 1970 an baje gine-gine sama da 700 a unguwar Klara da kewayenta, wasu tun na ƙarni na 17, aka kafa ofisoshi na siminti da gilashi da dandalin Sergels torg. A ganina wannan asara ce da ba ta da madadi, kuma yawancin mutanen garin haka suke gani yanzu. Abin da ya taka wa rusau birki itatuwa ne. A watan Mayu na 1971 aka zo sare wasu tsofaffin itatuwa 13 a lambun Kungsträdgården don a gina ƙofar tasha. Jama'a suka taru cikin dare, wasu suka hau itatuwan, aka yi arangama da 'yan sanda masu dawakai. Hukuma ta janye, aka matsar da ƙofar tashar wani wuri, kuma daga ranar aka fara tuntuɓar mutane kafin a taɓa unguwarsu.

Layin shuɗi, wanda aka buɗe a 1975, shi ne wanda nake so baƙo ya hau har ƙarshensa. Tashoshinsa an fasa su ne cikin dutse aka bar su kamar kogo, aka fesa siminti, aka miƙa wa masu zane. A babbar tasha ta T-Centralen rufin fari ne da ganyaye shuɗɗa suna hawa bango. A Solna Centrum sama ja ce jawur kamar gobara, ƙasa koren daji mai tsawon kusan kilomita guda, da zanen ƙauyukan da mutanensu suka watse suka tafi birni. Kusan tasha 90 cikin 100 ɗin suna da irin wannan aiki. Masu yawon buɗe ido sukan ɗauki hoto su juya daga nan. Wanda ya zauna ya ci gaba minti goma zai ga fasinjojin sun sauya: Somaliyawa, Iraƙawa, Siriyawa, Eritiriyawa, Turkawa, Kurdawa. Ya iso Husby, ko kuma Rinkeby da Tensta a ɗaya reshen.

Waɗannan unguwanni an gina su ne cikin shirin gidaje miliyan guda da gwamnati ta yi daga 1965 zuwa 1974. Gidajen masu kyau ne, da ruwa da wuta da ɗumi. Amma ayyukan yi ba su biyo su ba yadda aka yi a Vällingby, 'yan ƙasa masu hali suka fice, baƙi da 'yan gudun hijira suka maye gurbinsu, domin a nan ne kawai ake samun gidan haya da wuri. A tsarin Sitokhom layi ake shiga a jira gidan haya, jiran yakan kai kusan shekara 10, a tsakiyar gari kuwa har ninki biyun haka. Wanda ya zo jiya ba shi da shekarun da zai nuna. Tasha ɗaya ce tsakanin Husby da Kista, inda hedikwatar kamfanin sadarwa na Ericsson take, amma yaron Husby da ya samu aiki a Kista ya yi tafiya mai nisa. A watan Mayu na 2013 tarzoma ta tashi a Husby bayan 'yan sanda sun harbe wani dattijo, aka yi kwanaki ana ƙona motoci. Duk bayanin Sitokhom da ya tsaya a kan tsafta da tsari bai faɗi wannan ba, rabin labari ya bayar.

Babban masallacin garin yana tsibirin Södermalm, kusa da tashar Medborgarplatsen, tasha ɗaya daga Slussen. Tsohon gidan wutar lantarki ne na 1903 da aka mayar masallaci a shekarar 2000. A ƙofarsa ne wani mutum ya ƙona Alƙur'ani ranar Babbar Salla ta 2023, bayan 'yan sanda sun ba shi izinin taro. Gwamnati ta yi tir da abin, ta ce kuma dokar faɗin albarkacin baki ta ɗaure mata hannu. Ba na jin wannan amsa ta isa ga mutanen da suka fito daga sallar idi suka tarar da hayaƙi, waɗanda su ma 'yan garin ne masu biyan haraji. Musulmin Sitokhom suna da wata jarrabawar ta daban, ta rana: a watan Yuni yini yakan haura awa 18, dare ba ya yin duhu sosai, a Disamba kuwa rana takan faɗi kafin ƙarfe uku, azahar da la'asar da magariba su zo a jere cikin ɗan lokaci.

A 2006 garin ya koma sana'arsa ta asali, karɓar kuɗin fito. Da yake ruwa ya kewaye tsakiyar gari, ƙofofin shiga kaɗan ne, sai aka kafa kyamarori a wurare 18 suna karanta lambar mota, a aika wa mai ita takardar biya. Kafin a fara mutane sun ƙi abin ƙwarai. Aka yi gwajin wata bakwai, daga Janairu zuwa Yuli, motocin da ke ratsa ƙofofin suka ragu da kimanin kashi 20 cikin ɗari, cunkoso ya faɗi, aka dakatar, cunkoso ya dawo. Sannan aka yi ƙuri'a a Satumba: mutanen cikin birni suka amince da ƙaramin rinjaye, na garuruwan kewaye da suka yi tasu ƙuri'ar suka ƙi. An tabbatar da harajin a Agusta 2007. Dabarar da ta burge ni ita ce barin mutane su ɗanɗana kafin a tambaye su.

Ga mai niyyar zuwa, filin jirgin sama na Arlanda yana kilomita 40 arewa da gari, jirgin ƙasa mai sauri yana kai mutum cikin minti 20, safa ta fi araha nesa ba kusa ba. Kuɗinsu kurona ne, ba yuro ba, amma da wuya ka ga takardar kuɗi: direban safa ba ya karɓar tsaba, katin banki ake ɗorawa a ƙofa. Tikitin hukumar sufuri ta SL yana aiki minti 75 a jirgin ƙarƙashin ƙasa da safa da tarago, har da jirgin fiton da ke tashi daga Slussen zuwa Djurgården, inda Vasa yake da Skansen, filin da aka tattaro tsofaffin gidajen ƙauye daga sassan ƙasar tun 1891. Mai tura keken jariri kyauta yake shiga safa. A gaɓar tafki akwai zauren birni mai jan bulo da hasumiya mai mita 106, wanda aka gama a 1923, inda ake walimar kyautar Nobel duk ranar 10 ga Disamba. A nan Wole Soyinka ya zauna cin abinci a 1986, ɗan Afirka na farko da ya karɓi ta adabi. Daga bakin ruwa kuma jirage suna fita zuwa tsibirai kusan 30,000 da suka warwatsu gabas.

Slussen ɗin da baƙo zai tarar yau wurin gini ne. Ma'anar sunan ita ce ƙofar ruwa, irin ɗakin da ake shigar da jirgi a rufe, a ɗaga ruwa ko a sauke shi ya daidaita da ɗaya ɓangaren. Ta farko an gina ta a 1642, aka sake a 1755, da 1850, da 1935, kuma tun 2016 ake aikin ta biyar. Sabuwar gadar ƙarfe mai launin zinariya, mai tsawon mita 140, a Sin aka ƙera ta, aka kawo ta ɗungurungum a jirgin ruwa a 2020. Amma babban dalilin aikin yana ƙarƙashin gadar. A ƙarshen shekarar 2000 ruwan sama ya cika Mälaren har saura 'yan santimitoci ya kwarara cikin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Gamla Stan, domin ƙofofin da ke akwai ba sa iya fitar da ruwa da sauri. Sababbin magudanan za su ninka abin da ake iya saki zuwa teku fiye da sau biyu. Kuma ƙofofin suna aiki ta ɗaya fuskar: tafkin bai fi teku tudu da ko mita ɗaya ba, mutum kimanin miliyan 2 ne ke shan ruwansa, kuma idan teku ta riƙa hawa fiye da yadda ƙasa ke tasowa, waɗannan ƙofofi ne za su hana gishiri shiga famfunan gari.